Na Kai Dutsen Gonarmu Guangzhou

Da dutse na sauka Guangzhou. Baƙi ne, mai huda-huda kamar soso, bai wuce dunƙulen hannun namiji ba. Na naɗe shi a tsohon ɗankwali tare da wani guntun ƙarfe karyayye. A filin jirgi wani ma'aikaci ya kwance ƙullin, ya juya dutsen, ya shinshina, ya kira na kusa da shi. Suka dube ni. Na dube su. Ƙanena Sabo, wanda ya saba zuwa sarin takalma, sai gumi yake a cikin wannan sanyi.

"Yaya, sai da na ce ki bar abin nan a gida."

"Ka ce."

Suka ƙulle min kayana suka miƙo. Farkon shekarar casa'in da takwas ke nan, azumi ya raba tsakiya.

Bari in faɗi abin da ya kai ni, don ba kallo na je ba. Ni 'yar Kano ce, aure ya kai ni ƙasar Biu, wani ƙauye a gindin tsauni, na yi shekara talatin da ɗoriya a can. Ƙasar wurin baƙa ce mai maiƙo. Masu ilimi sun ce tsaunin ne ya yi aman wuta tun zamanin da, tokar ta zama ƙasa. Abin da ka jefa mata zai fito. Sai dai cike take da irin wannan dutse, kana tsincewa yana fitowa kamar haihuwa yake yi.

Da shirin bunƙasa noma da kiwo ya zo yankinmu, aka ba Malam, maigidana, fili da shanu huɗu masu jinin waje, irin waɗanda ba sa fita kiwo, sai dai a noma musu ciyawa da masara a kai musu har gabansu. Aka haɗa masa da injin huɗa na hannu ɗan China, mai haƙoran ƙarfe goma sha takwas da ke juyawa suna cin ƙasa. Ya dangwala yatsa a kan sharaɗi biyu. Filin da ya yi damina biyu a jere ba a huɗe shi da injin ba, za a karɓe shi da shanun a ba wani. Kuma ba a sa wa injin komai sai kayan kamfaninsa, a cikin kwalinsu. Ba ruwan maƙerin gari da shi.

Dutse ya cinye haƙoran. Ma'ajiyar shirin ta ce babu, a jira. Muna cikin jira Malam ya kwanta, ya rasu ana tsakiyar ruwa. Damina ɗaya ta tafi ke nan. Ina takaba na aika wa Sabo da haƙori ɗaya, ya sayo mana sababbi, jajaye masu sheƙi. Aka ɗaura, aka gwada a gefen fili ƙasa na da sauran danshi. Kafin azahar bakwai sun karye. Da na fita takaba na ce masa da ni za a koma. Ban yi boko ba, ban san lambar da ke jikin ƙarfe ba, amma na san dutsen da ke kashe shi.

Tun ranar da aka fita da Malam wani abu ya daskare min a ƙirji. Ba kuka ba ne, ba kuma haƙuri ba. Ina ci, ina salla, ina tatsa. Shanun nan ne kaɗai abin da ya rage wanda yake juyowa idan ya ji an buɗe ƙyauren da Malam yake buɗewa. Ban ce ina son su ba. Na dai san ba za a kora su a gabana ba.

Zangonmu na farko wani masauki ne kusa da tashar jirgin ƙasa, hawa na shida, tagar tana kallon bango. A filin tashar mutane ne kwance da zaune a kan jakunkuna, ba ka ganin ƙasa. Sabo ya ce sabuwar shekararsu ce ta matso, kowa zai tafi garinsu, nan da 'yan kwanaki duk kasuwa za ta rufe. Na riƙe wannan maganar. A bakin masaukin wata mata ta goga yatsanta a bayan hannuna, ta duba yatsan. Ni ma na duba tare da ita. Ba abin da ya fita.

Buɗa-baki muke yi a wani shagon taliya na Musulmin ƙasar, masu fararen huluna. Taliya ce da romo, ba daddawa, ba yajin kirki. Na ci don an ce a ci. Abin da ya fi damuna hannuwana ne. Idan lokacin tatsa ya yi sai in ga yatsuna suna matsa gefen zani, alhali Sabo ya ce a gida ko asuba ba ta yi ba.

Kwana uku ina bin shi Zhanxi Lu, layin takalma. Bene kan bene, warin gam kamar zai fasa kai. A nan na ga wani Sabo da ban sani ba, mai dariya da ƙarfi, yana dafa kafaɗar masu shago yana ce musu "loban, loban", wato maigida. A rana ta uku na tsaya a tsakiyar matattakala.

"Sabo, ni ba takalmi na zo gani ba."

"Yaya, a nan ba a gaggawa."

"To su me ya sa suke gudu?"

Sai ya kai ni wurin Alhaji Issaka, mutumin zangon Kumasi, wanda ke loda wa 'yan kasuwarmu kaya a kwantena. Ƙato ne mai sanyin magana, yana jin yaren ƙasar daidai na ciniki. Hausarsa ta Gana ce, "Mma" yake kira na, wato uwa, kuma "ka" yake ce min kamar namiji. Ya karɓi guntun haƙorin ya juya.

"Mma, don wannan ka zo daga Najeriya?"

"Don shi."

"Allah ya ba ka lada," in ji shi, ya saci kallon Sabo.

Shi ya raka mu layin kayan noma, can bayan gari. Kalmar farko da na koya ita ce "meyo", babu. Shago goma meyo. Da muka samu mai shi, ya ɗora haƙori a kan kanta, na kwance ɗankwalina, na ɗaga dutsen na sauke. Bakin ƙarfen ya ɓantare. Mutumin ya yi tsalle yana ihu, jama'a suka taru, sai da Sabo ya biya shi kuɗin wanda na ɓata. Shago na gaba haka. Kashegari haka. A rana ta uku tun daga nesa suke kaɗa min hannu, meyo, meyo.

"Yaya, an sa miki suna a layin nan," in ji Sabo, yana jan hula kan goshi.

"Me suka ce?"

Alhaji Issaka ya ce, "Tsohuwa mai dutse."

"Ba su yi ƙarya ba."

A ƙarshen layin wani mai ɗaure da laƙataye ya yafito mu da kansa yana murmushi. Ya sunkuya ya ɗauko haƙori ɗaya, ya miƙo min da hannu biyu, ya nuna min in buga. Na buga sau uku. Dutse ya yi tartsatsi, ƙarfen ko tabo, ƙararsa ta daɗe tana amsawa. Na gyaɗa kai. Aka yi ciniki na kwali uku, masu rubutun kamfani da hoton injin, za a kai su siton Alhaji Issaka. Na ce a ba ni wanda na buga. Ya ce da shi zai auna sauran. Na ga bai mayar da shi kan kanta cikin 'yan'uwansa ba, ƙarƙashin tebur ya tura shi da ƙafa. Na gani, na yi shiru. Na gaji ne, kuma ina son abin ya zama gaskiya. Wannan laifina ne, ba na Sabo ba.

Kwalayen sun iso sito ranar jajibirin rufe kwantena, wadda ita ce ta ƙarshe kafin hutunsu. Idan ta tashi da su, za su riski ruwan farko. Na sunkuya na ɗaga ɗaya. Wanda ya yi shekaru yana ɗaukar bokitin madara ya san nauyi.

"A buɗe."

"Yaya, an riga an liƙe. Mutumin nan a gabanki..."

Na ciro reza daga lalitata na yanka salatif ɗin. Jajaye ne masu sheƙi. Bugu ɗaya, ya tsage. Na zauna a ƙasa, na jawo kwalin. Na ɗauki na biyu na buga, na uku, na huɗu. Na riga na sani tun na farko, amma hannuna bai tsaya ba. Ban ji haushi ba, ban ji tsoro ba. Ina bugawa ina ajiyewa a gefen hagu, kamar mai ɓarar gyaɗa. Sabo ya ruga shagon, ya dawo yana haki. An rufe, an liƙa jar takarda a ƙofa, maƙwabta sun ce ya tafi garinsu.

"Mma, ka yi haƙuri," in ji Alhaji Issaka. "Haka garin yake."

Akwai wata mata a siton da ke liƙe kwalaye, A-Lan suke ce mata, gajera, furfura ta fara fito mata, tafin hannunta duk faso. Ta zo ta tsuguna a gabana, ta zare dutsen daga hannuna. Tun da na baro gida ba wanda ya karɓe shi haka. Ta juya shi, ta sa yatsa a hudojin, ta ɗan taɓa shi da harshe. Sai ta ɓarke da magana, doguwa, tana dukan ƙirjinta.

"Me take cewa?"

Alhaji Issaka ya saurara, ya sa ta maimaita. "Wai dutsen garinsu ne. Can kudu, bakin teku. Wai da shi suke gina gida, shi ya cinye wa babansu farce." Ta ɗauki karyayyen haƙori ɗaya ta yi jifa da shi tana taɓe baki. "Wai wannan na taɓon shinkafa ne. Wai ƙanenta maƙeri ne a hanyar Shiling, shi ke yi wa mutanen garinsu nasu. Amma jibi zai tafi gida."

Ta yagi gefen kwali ta yi rubutu, ta haɗa da dutsen ta danƙa min. Ta rufe hannuna a kai da hannunta biyu. Hannun nata kamar nawa.

Da safe muka ɗauki mota, dama Sabo yana da jakunkunan mata da zai duba a Shiling. Wurin wata rumfar kwano ce a bakin titi, bayan garejin manyan motoci. Wuta a kashe, kaya a ɗaure a bakin ƙofa. Maƙerin siriri ne, taba a bakinsa. Ya karanta guntun kwalin, ya dubi dutsen, ya dubi guntun haƙorin Malam, ya girgiza kai ya nuna min kayan da aka ɗaure.

"Yaya, ya ce ba zai yi ba."

"Na ji. Je ka ga jakunkunanka."

"In bar ki a nan? Ko ruwa ba ki iya tambaya ba."

"Azumi nake."

Na sami wata tsohuwar taya na zauna, na ɗora dutsen a cinya. Sabo ya yi magiya, ya yi fushi, ya shiga mota ya tafi. Maƙerin ya ci gaba da ɗaure kayansa kamar ba na wurin. Ni ma na gyara zama. Can matarsa ta leƙo, ta dube ni, ta karɓi guntun kwalin ta karanta, ta faɗa masa wata magana gajera mai kaifi. Ba sai an fassara min ba. Ya jefar da tabar, ya kunna wuta.

Sai ya zagaya bayan rumfar, na ji yana jan ƙarfe a ƙasa. Na miƙe don in gani. Sifirin ne. Dogayen ƙarafan nan na ƙarƙashin babbar mota, tsofaffi, sun yi tsatsa, an jibge su kamar itace. Irin su ne a ƙofar kowace maƙera ta ƙasarmu, da su ake yi mana garma da fartanya. Na tsaya ina kallonsu. Na tuna jirgi biyu da muka hau, da tekun da Sabo ya nuna min ta taga, da Malam zaune a ƙofar ma'ajiyar shirin da takardarsa a aljihu ana ce masa a jira. Na jira in ji wani abu ya motsa min a ƙirji. Bai motsa ba. Na koma na jawo tayar kusa da wutar.

Tun da na zo, sai in kalla. Ya auna guntun na Malam, ya ƙiyasta tsawonsa, ya yanka ƙarfen. Bai cire shi daga wuta yana ja ba, sai da ya koma kalar cikin gwanda nunanna. Ya buge, ya lanƙwasa, ya huda ramin noti. Ya sake gasawa. Ba a ruwa ya tsoma ba, a baƙin man mota ne, yana kaɗawa, na ƙirga numfashina goma sha biyu. Daga nan ya goge bakin ƙarfen, ya ɗora shi a gefen garwashi, nesa da harshen wuta, yana gadinsa har ya yi launin wuyan tattabara, sannan ya janye. Sau goma sha takwas ya yi haka, sau goma sha takwas na kalla.

Na farkon da ya huce ya miƙo min, ya nuna dutsen da haɓa. Na ɗaga na sauke da duk ƙarfina. Dutsen ya rabe gida biyu. Matar ta tuntsire da dariya tana tafa cinya. Ni na tsinci ɓarin biyu na ƙulle.

Da rana matar ta kawo min shayi da shinkafa da wani nama, na girgiza kai, na nuna rana, na nuna inda za ta faɗi. Da na shimfiɗa kwali zan yi salla ta rage rediyonsu. Rana tana faɗuwa sai ga ta da ƙwai biyu dafaffu a cikin ɓawonsu, da ƙananan lemo, da ruwan zafi a kofin da ta ɗauraye a gabana. Ashe tana lura. Ta gane ba zan ci abin da ya fito daga tukunyarsu ba, ta nemo abin da ke rufe. Na ce mata "sheshe", na gode, kalma ta biyu da na koya. Ta gyara min faɗar, na maimaita, ta ce ba haka ba, muka bar shi.

Sabo ya dawo da mota cike da jakunkuna, ya tarar da haƙora goma sha takwas jere a ƙasa, baƙaƙe, ba fenti, ba sheƙi. Ya ɗaga ɗaya.

"Yaya, ƙarfe kam ƙarfe ne. Amma jami'in shirin ba zai yarda ba. Ba kwali, ba tambari."

"Kwali muna da shi har uku a sito."

Ya buɗe baki. "Ke, Yaya? Ke da kika taɓa korar wata mata daga layin madara don ta ƙara ruwa?"

"Ita abin da ke cikin ƙwaryarta ne ƙarya. Ɗauko su mu tafi."

Ba zan ce ban san abin da nake yi ba. Sharaɗin da Malam ya dangwala wa yatsa ba haka ya ce ba. Na auna a raina har muka shiga gari, na nemi gafarar Ubangiji, ban fasa ba.

Kwantena ta riga ta tafi, don haka a hannu za su bi ni. A-Lan ce ta zubar da jajayen, ta jera baƙaƙen a kwali ɗaya, ta liƙe shi tsaf kamar daga kamfani. Sauran kwalayen biyu ta ninke min su, na shimfiɗa a ƙasan jaka saboda shekaru masu zuwa. Takalman gwaji na Sabo suka rasa wuri, ya yi ta ƙunƙuni har filin jirgi. Kafin mu bar siton na ba A-Lan ɓari ɗaya na dutsen. Ta sa a aljihun riga, ta koma kan aikinta. Sallarmu ta zo daidai da hutunsu, muka yi Idi a wani tsohon masallaci, gari fayau, shaguna duk a rufe. Ni ban yi sabon ɗinki ba.

Ruwan farko ya sauka, jami'in shirin ya zo a kan babur da fayil ɗinsa. Na ajiye masa kwalin. Ya juya shi, ya bi rubutun da yatsa. Na lura shi ma, duk da bokonsa, bai iya karanta shi ba. Ya dubi hoton injin, ya sa hannu a takarda. Ƙarfen ko kallo bai yi masa ba. Aka ɗaura, aka huɗe filin daga wannan iyaka zuwa waccan a kwana huɗu. Uku sun dakushe, ko ɗaya bai karye ba. Ciyawa ta fito, masara ta fito. Shanun suna nan a garkensu, ba wanda ya kora su.

Ranar kasuwa na ɗauki ɗaya daga cikin dakusassun na je wurin Malam Garba, maƙerin garinmu, na ce ina son goma sha takwas irinsa kafin baɗi. Ya goge shi da gefen riga, ya ƙwanƙwasa a uwar maƙera, ya kasa kunne.

"Inna, wannan ai sifirin ne."

"Shi ne."

"Har China kika je aka ba ki sifirin?"

"Har can. Ka saurara. Ba za ka cire shi yana ja ba, sai ya yi kalar cikin gwanda. Kuma ba ruwa, baƙin mai."

Na faɗa masa numfashi goma sha biyu, na faɗa masa wuyan tattabara. Ya daina murmushi, ya sa na maimaita. Ya jawo ƙarfe daga tulin da ke ƙofarsa, ya cusa a wuta, ya kama zugazugi.

"To, Inna, ba mu labari mana. An ce gidajensu har sun taɓo gajimare. Me kika gani a can?"

"Maƙera."

Ya yi dariya har da tari. Ni na matso da kujerata ina duban wutar, kada ya cire ƙarfen bai nuna ba.